Ranar da Muka Kai Inna Dutsen Garinsu

Hotuna ne suka ta da maganar. Ɗan yayana yana karatu a wata ƙasa can ƙuryar arewacin Turai, da aka ba su hutu sai ya fita yawo da abokansa, ya yi ta turo mana hotuna ta waya. Duwatsu ne dogaye, teku ya kutsa tsakaninsu ya yi siriri kamar kogi, ga ruwa fari fat yana zubowa daga can sama. Yayana, wanda tun da ya sauke farali kowa ke ce masa Alhaji, ya yi mako guda ba shi da aiki sai nuna hotunan nan ga duk wanda ya shigo shagonsa na taki da maganin feshi a kasuwar Malumfashi.

Watan Agusta ne, marka ta kankama, makarantu suna hutu. Ni malama ce a sakandaren 'yan mata, don haka ina gida tare da 'ya'yana biyu, dukansu mata. Inna, mahaifiyarmu, a gidan Alhaji take zaune, amma kowace damina takan zo wurina ta yi mako biyu ko uku. Ranar muna baranda muna tsinke zogale, babbar 'yata mai shekara goma sha biyar tana ta jan hotunan da yatsa. Can sai ta yi tsaki.

"Mu dai an ajiye mu inda babu abin kallo. Ka duba gabas masara, ka duba yamma masara."

Inna ta karkaɗe hannu ta ce, "Miƙo nan in gani." Ta riƙe wayar nesa da fuskarta, ta ƙanƙance ido, ta daɗe tana kallo. "Wannan ne abin da ake ta zuzutawa? Ai akwai irinsa a bayan gidanmu."

Yaran suka fashe da dariya, don bayan gidan Alhaji babu komai sai kwata da bola. Inna ba ta yi dariya ba.

"Gidan ubana nake nufi," in ji ta.

Na ji hannuna ya tsaya cak a cikin tiren zogale. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta faɗi wannan kalma a gaban mutane ba.

Inna Bamagujiya ce ta asali. An haife ta a wata unguwar Maguzawa gaba da Ƙarfi, a gindin wani dutse. Mahaifinmu yana bin ƙauyuka sayen auduga, can ya gan ta. Ta musulunta, aka ɗaura aure, ya kawo ta gari. Daga nan dangin babanmu suka yi mata iyaka da gida, shi ma ya bi bayansu. Zuwanta na ƙarshe ina goye a bayanta, lokacin da uwarta ta mutu. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan, alhali tafiyar ba ta kai awa guda a mota ba. Mu 'ya'yanta mun tashi mun san abin, mun kuma san ba a faɗa. Ni kaina, ina makarantar kwana, in aka tambaye ni garin su Inna sai in ce Funtua. Ba wanda ya koya mini wannan ƙarya, ni na ƙera abata.

Ƙaramar 'yata, mai shekara goma, ta matso jikin Inna. "Kaka, dama kina da wani gida?"

"To daga sama na faɗo?"

Sai ta shiga ba su labari. Ta ce idan marka ta yi marka, ruwa yakan taru a kan dutsen, ya biyo wata tsaga ya faɗo cikin wani gurbi mai faɗi, nan 'yan mata ke wanka bayan sun taso daga gona. Ta ce tun daga gayaunar uwarta ake jiyo ƙararsa. Ta ce tsayinsa ya kai rimi uku in an ɗora wani bisa wani.

"Yana nan har yanzu?" in ji babbar.

"Ke, dutse tafiya yake yi?"

Ban yi shawara da kowa ba, har da zuciyata. Bakina ne kawai ya ce, "Ranar Asabar za mu je."

Inna ta ɗago ta dube ni. "Kin tambayi yayanki?"

"Zan gaya masa."

Ta gane bambancin, ta sunkuyar da kai ta ci gaba da tsinkar ganye.

Mijina, wanda nake kira Malam, malamin gona ne, babu ƙauyen da bai taka ba a yankin nan. Da na gaya masa, bai ce eh ba bai ce a'a ba, sai ya ɗauki waya ya kira wani manomi da ya sani a can. Ya dawo ya ce wajen lafiya lau a bana, sai dai mota ba za ta wuce firamaren da ke bakin hanya ba saboda taɓo, sauran sai da ƙafa. Ya ce, "In Inna za ta iya, ni zan tuƙa." Na aika wa Alhaji saƙo.

Ranar Juma'a da aka sauko masallaci sai ga shi, ko gida bai biya ba. Ya ƙi zama. Inna tana ɗaki, labule a sake.

"Na ga wani saƙo, ina fata wasa kike yi."

"Ba wasa ba ne, Yaya."

"Hanya ba lafiya, kowa ya sani."

Malam ya yi masa bayanin abin da ya binciko, cikin ladabi. Alhaji ya kaɗa hannu.

"To ko da lafiya. Me za ku je yi? Mutanen nan har gobe suna zuba wa dutsen nan jini. Ki kwashi 'ya'ya mata ki kai su wurin tsafi? Gobe in manema sun zo binciken asali, me kike so a ce? Ni ma fa ina da 'ya'ya mata a gida."

A nan na san batun hanya lulluɓi ne kawai. Tun muna yara ban taɓa ɗaga wa Alhaji murya ba, shi ya riƙe mu bayan rasuwar Baba, shi ya tsaya mini har na gama karatu. Amma ranar sai da na ɗaga masa ita.

"Yaya, ɗanka yana ƙasar da ko kiran salla ba a ji, yana hawan duwatsunsu, kana bi rumfa rumfa kana nuna hotonsa. Dutsen uwarka ne ya zama abin kunya?"

"Ni kike gaya wa haka?"

"Kai nake gaya wa. Ka yi haƙuri, amma kai nake gaya wa."

"To ban yarda ba. Babu inda za a kai ta."

Sai labule ya motsa. Alhaji ɗan fari ne, Inna tana yi masa kunya irin ta mutanen da. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, in tana da magana da shi sai ta bi ta bakin ɗayanmu. Ranar ta fito ta tsaya a gabansa, tsawonta bai kai kafaɗarsa ba.

"Kai," ta ce. "Nonon da ka sha, ruwan dutsen nan ne ya raine shi. Shekara hamsin da wani abu ina kallon gabas ban taɓa fashi ba. Kai ka kai ni Makka, Allah ya yi maka albarka. Ubanka ya hana ni zuwa gida na hanu, don mijina ne. Kai kuwa ni na haife ka. Gobe zan je in ga ƙanena, in yana da rai."

Alhaji ya kau da kai daga gare ta. Ya juyo gare ni ya ce, "Duk abin da ya same ta, ke ce." Ya fita.

Da safe na zuba dambun zogale a kula, muka ɗauki goro da sabulu da sukari da turmin atamfa na tsaraba. Inna ta fito cikin leshinta mafi kyau, wanda take sa wa ranar salla. Na ce mata hanya duk taɓo ce.

"Ba zan shiga gidan ubana kamar wadda aka koro ba," ta ce, ta buɗe gaban mota ta zauna.

Mun wuce Ƙarfi hantsi bai ɗaga sosai ba, muka sauka daga kwalta muka kama jar hanya. Motar Malam tsohuwa ce, ta riƙa wutsil-wutsil a cikin laka, yaran suna ihu suna dariya. A bakin firamaren muka ajiye ta. Wani mai amalanken shanu da zai bi ta wajen ya ce a ɗora tsohuwa ya rage mata hanya. Inna ta yi masa godiya ta ce da ƙafa ta fito daga garin nan, da ƙafa za ta koma. Ta cire takalmanta ta miƙa mini, ta tattare leshin zuwa ƙwauri, ta shige gaba.

Dawa ta fi mu tsawo hagu da dama, hanya siririya, raɓa tana jiƙa mana hannuwa. Masara ta yi goyo, auduga ta fara fure. Inna tana tafe tana faɗin gonar wane ce nan, gonar wane ce can, duk mutanen da na tabbata sun daɗe a ƙasa. Da muka kai wata mararraba sai ta tsaya. Ta ce akwai wata babbar tsamiya a nan, ita ke nuna hanya. Babu tsamiya, ko kututturenta babu. Ta juya dama ta juya hagu. Malam ya ce bari ya nemi wanda zai tambaya.

"Ku yi shiru," in ji Inna.

Muka yi shiru. Can ƙasa-ƙasa muka ji wani gurnani, kamar babbar mota tana hawa tudu daga nesa. Inna ta nuna hagu da haɓa, ta ci gaba da tafiya, har sai da muka riƙa ɗaga ƙafa kafin mu cim mata.

Unguwar ta fi yadda na zata girma. Gidaje manya, rumbuna jere, kaji da awaki ko'ina. Akwai ɗan masallaci a bakin shiga, can gaba kuma wata ƙaramar majami'a mai rufin kwano. Dutsen yana bayansu, baƙi wuluk, ya jiƙe yana sheƙi. A ƙofar gida na ƙarshe wani tsoho yana zaune a kan turmi yana tufka igiya. Inna ta tsaya a gabansa. Ya ɗago, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya dawo kanta. Sai igiyar ta faɗi. Ya kira ta da wani suna da ban taɓa ji ba a rayuwata, ita kuwa ta amsa.

"Kin tsufa," ya ce.

"Kai ma ina haƙoranka?"

Ya yi dariya, dariyar ta juye kuka. Ya ce lokacin da babansu ya mutu, sau uku yana aika mata saƙo gari. Inna ta ce saƙon bai iso kunnenta ba sai da aka share makoki da wata biyu. Ta faɗe shi a tsaye, idonta a bushe. Sannan ta jawo ni ta ce, "Ga wadda na zo da ita a goye." Ta ce da mu, "Ku gaida kawunku." Na durƙusa har ƙasa, yaran suka bi ni.

Kafin mu sha ruwa gidan ya cika da mata da yara, ana ta leƙen baƙi. Yawancin 'ya'yan Kawu sun musulunta, wasu suna zuwa majami'a, shi kaɗai da matarsa suka rage a kan abin iyayensu. Inna ba ta bari an daɗe ana gaishe-gaishe ba. Ta ce ita dutse ta zo gani, a bar sauran magana sai ta sauko.

Kawu ya ce, "Da santsi fa. Jiya an kwana ana ruwa. Ki tsaya daga ƙasa ki hango."

"Ni na koya maka hawansa, kana kuka ina jan ka."

Haka muka kama hanya, Kawu a gaba da sandarsa, Inna a bayansa, Malam yana biye da ita hannu a shirye ko za ta zame. Ba ta zame ba. Ni ce na zame, na zauna daɓas a kan gansakuka, zanena ya yage daga gefe, yaran suka samu abin dariya na shekara. A wani lungu muka hangi wata tsaga da tsohuwar tukunya a bakinta da gashin kaza a warwatse. Kawu ya karkata da mu ta wata hanyar. Ƙaramar ta ja hannun Inna tana tambaya.

"Wurin kakanku ne," in ji Inna. "Shi da abinsa, mu da namu. Wuce mu tafi."

Muna zagaya wani ƙaton dutse sai iska mai sanyi ta buge mu, feshin ruwa ya sauka a fuskokinmu. Ga shi nan. Daga sama launinsa kamar koko, saboda jar ƙasar da ya kwaso, amma inda yake dukan dutse fari ne tas, yana tashi kamar hayaƙi. Saiwoyin wani gamji sun rungume tsagar ta gefe guda. Ƙarar ta cika wurin har sai mutum ya ɗaga murya kafin na kusa da shi ya ji. Da na juya baya kuwa, sai na ga ƙasarmu shimfiɗe, kore shar har iyakar ganin ido, rufin kwanon Ƙarfi yana walƙiya can nesa. Shekara ashirin ina zana wa ɗalibai duwatsu da koguna a allo, ban san wannan yana bayan kunnena ba.

Gaskiya bai kai rimi uku ba. In an matsa, rimi ɗaya da ɗan ƙari. Babbar 'yata ba ta iya haɗiye magana.

"Kaka, kin ce rimi uku!"

"An rage shi ne," in ji Inna.

Kawu ya ce, "Haka yake tun ranar da kika tafi."

"To ni ce na yi girma."

Ta cire mayafinta ta ɗora mini a kafaɗa. Malam da Kawu suka gane, suka koma bayan dutse suka ba mu wuri. Kafin in ankara Inna ta taka cikin gurbin da leshinta, ruwa ya kai mata gwiwa, ya kai ƙugu.

"Inna, sanyi! Ƙafarki fa!"

"Ke, in za ki shigo ki shigo. In ba za ki shigo ba ki rufe mini baki."

Na dubi yaran, suka dube ni. Na tuna fuskar Alhaji da abin da ya ce. Na ajiye jaka da takalma a kan dutse na shiga. Sanyin ya ratsa ni har ƙashi, na ƙwalla ƙara, yaran suka faɗo a bayana. Inna ta matsa har inda ruwan ke sauka, ta ba shi baya, yana dukan kafaɗunta. Ta ɗaga kai ta rangaɗa guɗa, irin wadda ban taɓa jin ta yi ba ko a bikin 'ya'yanta. A nan ne ta yi kukanta, ruwa yana wankewa, mu kuma muka yi kamar ba mu gani ba.

Azahar ta same mu a can. Inna ta yi alwala da ruwan, ta hau wani fa mai faɗi da rana ta busar, Malam ya ja mu salla. Kawu ya zauna gefe a kan dutse, takalman Inna a cinyarsa, har muka sallame.

Da muka sauko ya kamo wani jan zakara ya miƙa wa Malam tare da wuƙa.

"Na san ba ku cin yankanmu. Yanka da hannunka, surukina."

Matarsa ta fito da sabuwar tukunya da ba a taɓa ɗorawa ba. Muka ci tuwon dawa da miyar kuɓewa ɗanya da naman zakaran nan, su kuma suka cinye dambunmu suna yaba hannuna. Inna tana zaune cikin aron zane, leshinta a shanye kan danga, ita da Kawu suna lissafin wanda ya mutu da wanda ya rage. Ya kai ta inda aka binne iyayensu, su biyu kawai, ba mu bi su ba.

A hanyar komowa hadari ya haɗo, ruwa ya kama mu tun kafin mu kai firamare. Motar ta kafe, sai da mazan unguwar suka tura ta har bakin kwalta. Muka shiga gida gab da magariba, jiƙe sharkaf, but ɗin mota cike da ɗanyar masara.

Mura ta kwantar da Inna kwana uku. Alhaji ya zo dubiya, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce da ni, "Kin gani ko?" Inna ta amsa daga kan gado, fuskarta a bango, ta ce a gaya masa mura ce, ta sha yin irinta a gidansa ba tare da ta je ko'ina ba. Daga ranar ya daina yi mini magana. In na gaishe shi sai ya amsa a daƙile ya kau da kai. Na ci gaba da zuwa gaishe shi duk Juma'a, ban kuma ba shi haƙuri a kan tafiyar ba, don ban ga laifin da na yi ba.

Da kaka ta yi sai ga Kawu a ƙofar gidana, wani jikansa ya goyo shi a babur da buhun sabuwar dawa. Na shimfiɗa masa darduma a falo, na aika aka ɗauko Inna. Suna cikin hira sai Alhaji ya biyo sawunta, bai san wanda ke ciki ba. Ya yi sallama ya ɗaga labule ya tsaya. Kawu ya dube shi tun daga hula har ƙafa.

"Wannan ne babban? Kai, ga goshin babanmu sak."

Alhaji ya daɗe a tsaye. Daga bisani ya ɗan rusuna ya ce, "Sannu da zuwa. An zo lafiya?" Bai zauna ba, bai ci abinci ba, ya ce ya bar mutane a shago. Amma bayan kwana biyu ya kira ni a waya yana tambayar wani abu da bai taka kara ya karya ba, na san fushin ya sauka.

Yanzu duk Agusta muna zuwa. Bana gwiwoyin Inna sun ƙi, ta yarda ta hau amalanke, ta zauna a ƙofar gidan Kawu mu muka hau. Alhaji har yau bai taka wurin ba. Duk jajibirin tafiya nakan kira shi in ce akwai wuri a mota, shi kuma ya ce lokacin sayar da taki ne, ba zai iya barin shago ba. Baɗi ma in muna da rai zan kira shi.